Ladan Shaida: Nazari a kan Rahoton Ƴancin Addini na Amurka da Kuɗin da ke Bayansa

Akwai wani littafi da ya soma fitowa daga birnin Washinton a shekarar 1999, wanda babu sunan marubuci a bangonsa, kuma ba a samunsa a rumfar mai sayar da littattafai. Duk da haka ministoci suna karanta shi, alƙalai masu duba takardun ƴan gudun hijira suna kafa hujja da shi, ƴan jarida kuma suna ɗibar labari daga cikinsa. Shi ne rahoton da doka ta wajabta wa ma'aikatar harakokin wajen Amurka ta fitar kowace shekara game da ƴancin addini a duniya. Yana da babi kusan 200, kowace ƙasa da nata, har da Nijar. An saba ɗaukarsa a matsayin takardar gwamnati kawai. Amma tun da rubutu ne, yana da salo, yana da mai ba da labari, yana da abin da ya zaɓa ya faɗa da abin da ya tsallake, to ya cancanci irin nazarin da ake yi wa kowane littafi. Nazarin kuwa ba zai cika ba sai an bi sawun kuɗin da ake tattara shaidu da su, domin daga nan ƙarfin rahoton ya fito, daga nan ne kuma rauninsa.

Asalin dokar

A ranar 27 ga Oktoba 1998 shugaba Bill Clinton ya sa hannu a kan dokar ƴancin addini ta ƙasa da ƙasa, bayan majalisar dattawa ta amince da ita ba tare da ƙuri'a ko ɗaya ta ƙi ba. Waɗanda suka fi matsa ƙaimi a kanta su ne ƙungiyoyin Kiristoci masu wa'azin bishara, waɗanda halin da ƴan uwansu ke ciki a Sudan da Sin ya dame su, tare da wasu Yahudawa da ƴan ɗarikar Katolika da magoya bayan mutanen Tibet. Sakatariyar harakokin waje ta wancan lokaci, Madeleine Albright, ta yi adawa da daftarin farko na ɗan majalisa Frank Wolf, bisa dalilin cewa zai fifita haƙƙi ɗaya a kan sauran haƙƙoƙin ɗan Adam. An sassauta daftarin, amma tambayar da ta tayar tana nan har yau.

Dokar ta kafa ofishi a cikin ma'aikatar, ƙarƙashin jakada na musamman. Wanda ya fara riƙe muƙamin shi ne Robert Seiple, tsohon shugaban ƙungiyar agaji ta Kirista World Vision. Ta kuma kafa hukuma mai zaman kanta ta mutum 9, USCIRF, mai fitar da nata rahoton da shawarwari. Sa'an nan ta ba gwamnati ikon sanya ƙasa a jerin waɗanda ake da damuwa ta musamman a kansu, abin da kan iya jawo takunkumi. A 2016 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai, shi ya sa Boko Haram da ƙungiyoyin da ke addabar yankin Sahel suka shiga jerin daga baya. A watan Yuni 2020 kuma shugaba Donald Trump ya ba da umarnin a ware aƙalla dala miliyan 50 kowace shekara domin shirye-shiryen ƴancin addini a ƙasashen waje.

Yadda labari ke tafiya, yadda kuɗi ke tafiya

Ma'aikatan ofisoshin jakadanci ne ke rubuta daftarin kowane babi, amma ba su ne ke zuwa ƙauyen da aka ƙone ba. Suna dogara ne da jaridu, da shugabannin addini, da ƙungiyoyi masu zaman kansu, waɗanda wasunsu ma'aikatar ce ke ba su tallafi. Hanyar tallafin sananniya ce ga duk wanda ya taɓa aiki a wata ƙungiya a Yamai ko Maraɗi. Ana fitar da sanarwar neman masu buƙata, da Ingilishi, tare da bayyana ƙasashe da irin matsalar da ake son a bincika. Manyan ƙungiyoyi masu akantoci da ƙwararrun marubuta su ne suka fi cin gasar, su kuma sai su nemi ƙananan ƙungiyoyi na cikin gida su ba su wani kaso. Wa'adin aikin bai cika wuce shekara biyu ko uku ba, kuma kowane wata uku sai an kai bayani mai ɗauke da alƙaluma: mutum nawa aka horar, lamari nawa aka rubuta, shaida nawa aka ji.

Ke nan kuɗi yana gangarowa daga sama da tambayarsa a ƙunshe, labari kuma yana hawa daga ƙasa yana neman ya dace da tambayar. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Wannan bai sa ma'aikacin ƙungiya ya zama maƙaryaci ba. Mafi yawansu mutane ne masu gaskiya da ke sayar da ransu a hanyoyin da soja ma ke shakkar bi. Abin dai shi ne, wanda aka aika neman cin zarafin addini, idonsa zai fi saurin ganin addini a cikin rikicin da ya haɗa gona da burtali da talauci da siyasa, kuma takardar da zai cika ba ta da gurbi sai ɗaya.

Abin da kuɗin ya haifar

Adalci ne a fara da inda tallafin ya yi amfanin da ba a iya musu. Daga watan Agusta 2017 Musulmin Rohinja fiye da 700,000 suka tsere daga ƙasar Bama zuwa Bangaladash. A 2018 ma'aikatar harakokin wajen Amurka ta ɗauki nauyin wata ƙungiyar lauyoyi, PILPG, ta tura masu bincike sansanonin Cox's Bazar, inda suka zauna da mutum 1,024 ɗaya bayan ɗaya, waɗanda aka zaɓa ta hanyar da ba ta ba mai tambaya damar tsince wanda labarinsa ya fi ban tausayi ba. An biya tafintoci, an horar da masu tambaya, an adana amsoshi. Babu wata ƙungiyar sa kai da za ta iya wannan da kuɗin aljihunta. Wanda ke cewa rahotannin Amurka ba su san kowa ba sai Kirista, wannan aiki da kuma babin Sin a kan Musulmin Uigur sun isa su nuna masa cewa maganar tasa ba ta cika ba.

Sai dai ƙarshen labarin yana da nasa darasin. Ma'aikatar ta fitar da sakamakon binciken a watan Satumba 2018 ba tare da ta kira abin da ya faru kisan ƙare dangi ba, alhali lauyoyin da suka yi aikin sun fitar da nasu nazarin a ƙarshen shekarar suna cewa akwai hujjar kiransa haka. Ƙaramar ƙasar Gambiya ce ta kai Bama gaban kotun duniya a Nuwamba 2019. Amurka kuwa ba ta furta kalmar ba sai a watan Maris 2022, ta bakin Antony Blinken, bayan sojojin Bama sun yi juyin mulki dangantaka ta riga ta lalace. Shaidun sun yi magana a 2018, wanda ya biya kuɗin jin su ya riƙe hukuncin shekara uku da rabi.

Salon rubutun

Wanda ya karanta babi biyar ko shida zai gane cewa duka ƙira ɗaya ce. Ana farawa da taƙaitawa, sai ƙididdigar mabiya addinai, sai dokoki da ayyukan gwamnati, sai halin jama'a, sa'an nan a rufe da abin da Amurka ta yi. Harshen a sanyaye yake, cike da "an ruwaito" da "wasu majiyoyi sun ce", babu fushi babu kuka. Wannan sanyin yana da kyau, domin yana hana ƙarin gishiri, kuma yana ba da damar a gwada bana da bara. Amma yana daidaita abubuwan da ba su daidaita ba: kisan masallata da jinkirin rajistar ƙungiya suna zuwa da murya ɗaya, a sakin layi masu tsawo ɗaya.

Sashe na ƙarshe shi ya fi bayyana halin littafin. A nan ne jakada ke shirya buɗa baki a watan azumi, yana ganawa da limamai da fastoci, yana jan hankalin hukuma. Amurka tana cikin kowane babi a matsayin mai nasiha, amma ba ta da babi nata, domin doka ƙasashen waje kaɗai ta ce a duba. Saboda haka umarnin Janairu 2017, wanda ya hana ƴan ƙasashe 7 masu rinjayen Musulmi shiga Amurka, ba shi da wurin zama a littafin da ke ƙirga irin wannan mataki idan wata ƙasa ce ta ɗauka. A ilimin adabi, mai ba da labarin da ke cikin kowane fage amma ba a taɓa tuhumarsa ba, mai karatu kan saurare shi da kunne ɗaya.

Addinin da ke da ofis da wanda ba shi da shi

Malamar kimiyyar siyasa Elizabeth Shakman Hurd, a littafinta Beyond Religious Freedom na 2015, ta raba addini gida uku: wanda masana ke bayyanawa, wanda hukuma ke tsarawa, da wanda mutane ke rayuwa da shi yau da gobe. Hujjarta ita ce manufofin kare ƴancin addini suna tilasta wa mutane su tsaya ƙarƙashin suna guda, da shugaba guda mai magana da yawunsu, kafin a gan su. Littafin yana da rauni, domin ya fi ƙwarewa wajen rushewa, bai gaya wa wanda aka ƙone wa ɗakin ibada inda zai kai kuka ba. Amma rabon nan nata yana da amfani, kuma tarihin Maraɗi ya gaskata shi.

A watan Nuwamba 2000, lokacin da aka shirya bikin nuna tufafi na FIMA a Yamai, zanga-zangar adawa da bikin ta rikiɗe ta zama tarzoma a Maraɗi. An kai hari kan wata majami'a da harabar mishan, abin da ya fi saurin isa kunnen duniya ke nan. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, wadda ta daɗe tana bincike a garin, ta nuna a wata maƙala ta 2003 da kuma littafinta na 2006 a kan Kiristocin yankin cewa tarzomar ta faɗa wa mashaya da mata masu zaman kansu, kuma tana da saiwa a cikin matsin tattalin arziki da gardamar matsayin mace da fargabar baƙin al'adu. Majami'a tana da bango da suna da ƴan uwa a ƙetare masu rubuta wasiƙa. Matar da aka fasa wa ɗaki ba ta da ko ɗaya, kuma abin da aka yi mata, ko da an yi shi da sunan addini, ba ya shiga gurbin ƴancin addini cikin sauƙi. Haka nan mai bori ko ba'azne da aka hana shi bikinsa ba shi da ƙungiya mai rajista da za ta nemi tallafi ta rubuta kukansa.

Abin da ya faru a 16 da 17 ga Janairu 2015 ya sake nuna wannan. Bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo, an yi tarzoma a Damagaram da Yamai, mutum 10 suka mutu, kuma ƴan sanda suka ce an ƙone majami'u 45 a babban birnin kaɗai. Zaluncin da aka yi wa Kiristocin Nijar a kwanakin nan gaskiya ne, kuma rubuta shi wajibi ne. Amma an ƙone cibiyar al'adun Faransa a Damagaram, an ƙone mashaya da otal, kuma fushin da aka yi da zuwan shugaba Mahamadou Issoufou jerin gwanon Paris yana cikin abin da ya hura wutar. A watan Yuni 2019 kuma aka ƙone wata majami'a a Maraɗi bayan kama wani limami da ya soki daftarin dokar tsara ibada. Lamari ɗaya ne, amma a cikinsa akwai malamin da hukuma ta tsare saboda maganarsa da kuma masu ibadar da aka ƙone wa ɗaki ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Mai bincike na gari zai rubuta duka biyun. Mai ba da tallafin da ke da ɓangare zai so rabi.

Matsalar ta fi tsanani a inda ake kashe mutane da yawa. A 21 ga Maris 2021 an kashe mutum 137 a yankin Tiliya na jahar Tawa. A 21 ga Maris 2025 an kashe 44 a masallacin Fambita na jahar Tilaberi suna sallar Juma'a. Na biyun yana shiga rahoton addini kai tsaye saboda wurin da aka yi shi. Na farkon kuwa, ko da maharan masu iƙirarin jihadi ne, ya fi kama da labarin tsaro. Ga iyalan mamatan babu bambanci, bambancin yana cikin takardar da ake cikawa.

Jerin sunaye da siyasarsa

Idan shaida ta isa Washinton, sai ta shiga hannun masu lissafin abota da ciniki. An sanya Saudiyya a jerin ƙasashen damuwa a 2004, amma aka yi ta ɗage mata takunkumi saboda muradun Amurka. Hukumar USCIRF ta yi ta ba da shawarar a sanya Indiya tun daga 2020, ma'aikatar ta yi ta kau da kai. Nijeriya kuwa, wadda hukumar ke ba da shawara a kanta tun 2009, an sanya ta a Disamba 2020, aka cire ta a Nuwamba 2021 ana gab da ziyarar Blinken a Abuja, aka kuma mayar da ita a ƙarshen Oktoba 2025. Rayuwar manomi a Filato ko Zamfara ba ta sauya sau uku a waɗannan shekaru ba. Masu mulki a Washinton ne suka sauya.

Muhawarar 2025 a kan Nijeriya ta nuna haɗarin alƙaluman da ba a san yadda aka tara su ba. Ƴan siyasar Amurka sun yi ta ambaton adadin Kiristocin da aka kashe, suna ɗebowa daga ƙungiyoyin fafutuka, alhali ƴan jaridar da suka bi diddigi sun tarar da wuya a tabbatar da lissafin, kuma masu nazarin rikicin sun nuna cewa Musulmi masu ɗimbin yawa suna cikin mamatan. A ranar 25 ga Disamba 2025 Amurka ta kai hari ta sama a jahar Sakkwato, wadda ke iyaka da Nijar, shugabanta yana danganta harin da kare Kiristoci. Daga nan ya kamata kowa ya gane cewa ƙidayar gawa aiki ne mai nauyi, kuma maganin mugun lissafi shi ne lissafi mai kyau, irin na sansanonin Rohinja, wanda shi ma kuɗi yake ci.

Ranar da famfo ya ƙafe

A 20 ga Janairu 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje na kwana 90. A watan Maris sakataren harakokin waje Marco Rubio ya ce an soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen hukumar USAID, a watan Yuli kuma aka rufe hukumar, aka kuma rage sashen ma'aikatar da ke kula da haƙƙin ɗan Adam. Ƙungiyoyi da dama a duniya sun sallami ma'aikata a tsakiyar aiki. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce makomar abin da aka riga aka tattara. Muryoyin da aka naɗa, da sunayen shaidu, da hotunan kaburbura suna cikin kwamfutocin ofisoshin da ba a iya biyan hayarsu. Wanda ya ba da shaida ya ba da ita ne bisa alkawarin za a kare sirrinsa, alkawarin kuwa ba ya ƙarewa da ƙarewar wa'adin tallafi.

Ko kafin haka, kuɗin waje ya zama sandar da gwamnatoci ke dukan masu bincike da ita. Rasha ta kafa dokar wakilan ƙasashen waje a 2012. A Indiya reshen Amnesty ya dakatar da aiki a 2020 bayan an rufe asusunsa. Duk inda mai rubuta zalunci ke cin albashin baƙo, yana da sauƙi a kira shi ɗan leƙen asiri, ko da kowace kalma da ya rubuta gaskiya ce.

Hukuncin nazari

Rahoton Washinton littafi ne mai amfani da ya kamata a karanta shi kamar yadda masana tarihi ke karanta takardun gwamnan mulkin mallaka: a ɗauki ranaku da wurare da adadi, a gwada su da wasu majiyoyi, a kuma tuna wanda ya rubuta da dalilinsa. Jefar da shi gaba ɗaya gata ne ga azzalumai, domin su ne suka fi kowa son a daina rubutu. Haɗiye shi gaba ɗaya kuma yana sa al'umma ta ga kanta da idon baƙo, ta soma kiran kowace rigimar gona yaƙin addini.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nijar tana da cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta IRSH da cibiyar LASDEL a Yamai, tana da jami'o'i a Maraɗi da Damagaram da Tawa, tana da malamai da ɗalibai masu jin Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek ba tare da tafinta ba. Kundin da za su riƙe, wanda ke rubuta sunan kowane mamaci da garinsa da yadda ya mutu kafin a tambayi addininsa, ba zai buƙaci miliyoyin daloli ba. Zai buƙaci haƙuri, da ƙa'idar tantance labari, da ƴancin da hukuma za ta bari a yi aikin ko da sakamakon bai yi mata daɗi ba. Tallafin waje na iya shigowa cikin irin wannan aiki ya ƙarfafa shi, matuƙar tambayar daga gida ta fito, kuma kundin yana nan a gida ranar da mai tallafin ya tattara kayansa.